Wace Illela?

Duk wanda ya taɓa shiga tashar motar Birnin Ƙonni ya ce Illela za shi, ya san maganar ba ta ƙare a nan ba. Ɗan kamasho zai dube shi tun daga hula har takalmi. In ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, ya kuma gan shi da buhu naɗe a hammata, sai ya nuna masa masu kabu-kabu da ke kai mutane bakin iyaka. Illelar Najeriya ke nan, ta jihar Sakkwato, ƴan kilomitoci kudu da mu. In kuwa ya gan shi da jakar takardu da alƙalami a aljihun gaba, sai ya tura shi motar da za ta bi ta Tsarnawa, ta kama hanyar Tawa, ta ratse a Badagishiri. Wannan Illelar Nijar ce, ta ƙasar Adar, inda fadar Sarkin Adar take. Ɗan kamasho mai natsuwa yakan tambaya, "Wace Illela, Alhaji?" Mai gaggawa kuwa shi ke yanke maka hukunci, ba za ka farga ba sai ka hango ƴan duwan.

Mu mutanen bakin iyaka mun saba da irin wannan. A kasuwar Ƙonni in mai albasa ta ce maka "ɗari", dala ɗari take nufi, sefa 500 ke nan. Tsallaka Illela, wannan kalmar dai naira 100 ce. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, don kunnenmu ya san ƙasar da yake tsaye a kai. Ban taɓa zaton zan iske wannan rikici a cikin kwamfuta ba, sai wata Laraba ta watan Fabrairu, a ɗakin ɗan ƙanwata.

Yaron yana aiki da wata ƙungiya mai taimaka wa manoman albasa. Ma'aikatanta suna zagaya gonaki a Galmi da Dogarawa da Tsarnawa, su ɗauki hoton kowane fangali da waya, su tura. Hotunan suna taruwa a wata kwamfuta da ke Yamai, fiye da kilomita 400 daga nan, wadda ba a kashewa dare da rana. Shi nasa aikin ya jawo su zuwa tasa kwamfutar kowane mako, ya duba, ya rubuta rahoto. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba ya taɓa linzami. Baƙin allo ne kawai da fararen haruffa, ya rubuta layi guda, ya danna, ya jira.

Ranar cajin waya ya kai ni, don an ɗauke kuran a unguwarmu, shi kuwa yana da sola. Na iske shi yana sa-in-sa a waya da wani ma'aikacin gona, dattijo sa'an mahaifinsa. "Malam, tun Asabar ba ka turo ko hoto ɗaya ba, ga shi nan ina gani a gabana." Shi kuma daga can yana rantsuwa cewa ranar Litinin da hannunsa ya tura, har kuɗin intanet ɗinsa suka ƙare. Da ya ajiye wayar ya juyo mini da allon, wai in zama shaida. Ga abin da ya rubuta:

ssh yamai ls hotuna/*.jpg

Ma'anar layin ita ce: shiga kwamfutar Yamai, ka lissafo mini duk abin da ke cikin foldar hotuna wanda sunansa ya ƙare da .jpg. Ɗan tauraron nan shi ne "duk". Yana tsayawa a madadin kowane jerin haruffa, dogo ko gajere, har da babu ko ɗaya. A kwamfutocin da ke zuwa mana daga Yamai, masu jerin haruffan Faransanci, maɓallinsa yana nan manne da wanda ake dannawa a aika umarni. A waɗanda ake tsallako da su daga Najeriya yana saman lamba 8. Amsar da ta fito sunaye 14 ne, duka na makon jiya.

Ya ɗora shayi, muka sha na farko. Yana cikin juya na biyu sai ya tsaya cak, buta a sama. "Kawu, dattijon nan bai yi ƙarya ba. Ni ne." Ya koma ya sake rubuta layin, bai canza ko harafi ɗaya ba, sai ƴan alamomin zance biyu da ya ƙara:

ssh yamai 'ls hotuna/*.jpg'

Sunaye suka zubo har suka cika allon. Na Litinin suna ciki, har da na Talata.

A bayan baƙin allon nan akwai wani shiri da ake kira shel, shi ne kuma ɗan kamashon kwamfuta. Duk abin da ka rubuta, hannunsa yake fara faɗawa kafin ya isa ga shirin da ka kira. Da ya ga tauraro a fili ba ya tambayar kowa. Sai ya waiga ya dubi fayilolin da ke nan gida, cikin kwamfutar da ke gabanka, ya cire tauraron, ya jera sunayen da suka dace a gurbinsa, sannan ya miƙa saƙon gaba. To, ɗan ƙanwata yana da folda mai suna hotuna a tasa kwamfutar, inda ya zuba na makon jiya. Akwai kuma mai wannan sunan a Yamai. Illela biyu ke nan, shel kuwa ya ɗauki ta kusa. Tauraron bai ko bar Ƙonni ba. Abin da ya isa Yamai jerin tsofaffin sunaye 14 ne, da umarnin a nuna su. Kwamfutar can ta duba, ta iske duk suna nan, ta nuna su. Abin da aka tambaye ta shi ta amsa.

Shirun ne ya fi damuna. Da allon ya yi ja, ko ya rubuta cewa an yi kuskure, da yaron bai ɗaga wa babba murya ba. Amsa ce ta fito tsaf, a jere, mai kama da gaskiya, kama da wane kuwa ba ta wane. Alamomin zancen nan aikin ambulan suke yi. In ka rufe saƙo a cikinsu, shel na gida ba ya taɓa abin da ke ciki, yadda ka rubuta haka yake miƙawa. Sai tauraron ya isa Yamai da ransa, shel na can ya fassara shi da fayilolin can.

Wannan ɗabi'a ta shel ta girmi yaron nesa ba kusa ba. A Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina a Bell Labs ta Amurka, littafin jagoransa na 1971 ya ambaci wani ɗan shiri mai suna glob, wanda ba shi da wani aiki sai wannan: a ba shi tauraro, ya jera sunaye a gurbinsa, ya kira shirin da aka nema. Daga baya aka shigar da aikin cikin shel kansa, amma sunan ya zauna, har yau masu sana'ar glob suke ce wa abin. Hikimar a fili take. Maimakon kowane shiri ya sha wahalar koyon tauraro, mutum ɗaya a bakin ƙofa ya yi wa kowa. A lokacin fayilolinka duka a na'ura ɗaya suke, babu wata Yamai. Da aka riƙa kwafe fayil daga na'ura zuwa na'ura, da rcp na jami'ar Berkeley a farkon shekarun 1980, sannan da SSH da Tatu Ylönen ya rubuta a Finlan a 1995, sai ƙofofi suka zama biyu, kowace da mai gadinta, kowanensu kuma yana ganin tauraron nasa ne. Wanda ya koyi kwamfuta a Windows, kamar yawancin ƴaƴanmu, ba ya kawo wannan a ransa, don a tsohon baƙin allon Windows tauraro yakan wuce kai tsaye zuwa shirin da aka kira, shi zai san yadda zai yi da shi.

Bayan lissafi sai kwasa. Na matso da kujera kusa don in ga yadda ake yi:

scp 'yamai:hotuna/IMG-20250210-WA*.jpg' .

Wanda ya taɓa leƙa cikin wayarsa ya san wannan suna. Haka WhatsApp yake raɗa wa hotuna a wayoyin Android: IMG, sai shekara da wata da rana, sai WA, sai lambobi huɗu. Ya ce da ni wannan tsari alheri ne gare shi. In ya sa tauraro bayan WA, hotunan yini guda ya kama. In ya matso da shi baya ya tsaya a 202502, na wata guda ne cur. Tauraro koma ce, faɗin bakinta kuwa a hannun mai jefawa yake. Ɗigon da ke can ƙarshe shi kaɗai, wanda na ɗauka aya ce, ma'anarsa "nan inda nake tsaye". Ruwa biyun da ke bayan yamai kuwa su ne iyakar ƙasa: abin da ke hagunsu sunan na'ura ne, abin da ke damansu hanya ce a cikinta. In kana tura fayil ka manta da su, scp ba zai ce uffan ba. Zai kwafe maka shi nan gida, ya raɗa masa suna yamai, kai kuma ka tashi ka tafi masallaci da zaton saƙo ya isa.

Na ce masa, "To da can da ba ka sa alamomin nan, me ya sa scp bai taɓa ba ka kunya ba?" Ya yi dariya. "Sa'a ce kawai, Kawu."

Gaskiyarsa. Shel ɗin da ke kwamfutarsa bash ne, wanda Brian Fox ya fara fitarwa a 1989, shi ne kuma a kan yawancin na'urorin Linux. In ka rubuta layin scp ba alamar zance, bash zai yi aikinsa na kullum, ya nemi abin da ya dace a gida. Sai dai kalmar da yamai da ruwa biyu ta fara, babu kuwa mai hankalin da zai raɗa wa foldarsa suna yamai:hotuna. Bash ya nema ya rasa. Ɗabi'arsa in ya rasa, ya bar kalmar yadda take ya wuce da ita. Ta haka tauraron ke tsallake iyaka, ba don an ba shi takardar wucewa ba, don mai gadi ya laluba aljihunsa bai sami komai ba. Mutum zai yi shekaru yana rubuta layin a karkace yana samun biyan buƙata, har ya koya wa wani. Ranar da ya canza umarni daga scp zuwa ssh, inda babu ruwa biyun da ke kare shi, ranar asiri ke tonuwa.

Akwai wani shel ɗin, zsh, wanda kamfanin Apple ya mai da shi na farko a kwamfutocin Mac tun 2019. Shi ba ya wannan kawaici. In ya nema ya rasa, sai ya tsaya ya rubuta no matches found, wato bai sami abin da ya dace ba, ya ƙi kiran scp ɗin ma gaba ɗaya. Wani abokin aikinsu a Tawa mai Mac ya taɓa kwafe layi ɗaya da nasa, harafi da harafi, abin ya ƙi. Ya zargi rezo, ya zargi kalmar sirri, ya zargi kwamfutar Yamai, alhali saƙon bai ko fita daga cinyarsa ba. Ni dai in aka ce in zaɓa, ina bayan zsh. Gara wanda zai ɓata maka rai a tasha da wanda zai yi maka murmushi ya saka ka motar da ya ga dama. Amma kada a yabe shi fiye da kima. A waccan Larabar shi ma da ya faɗa ramin, tunda akwai sunayen da suka dace a gida.

Mai saurin ɗaukar karatu zai ce to shi ke nan, kullum a rufe tauraro. A'a. Da ya gama rahoto zai tura Yamai, ga yadda ya rubuta:

scp rahoto/*.pdf yamai:rahoto/

Nan tauraron tsirara ya bar shi, don fayilolin a Ƙonni suke, shel na gida ne ya san su. Da ya rufe shi, scp zai je neman wani fayil da sunansa na yanka tauraro ne, ya dawo ya ce babu. Kafin yatsa ya sauka a maɓallin, abin da ake tambayar kai ɗaya ne: fayilolin da nake nufi, a wace kwamfuta suke kwance?

Akwai kuma kifayen da ke zamewa daga komar ko an jefa ta daidai. A Linux ƙaramin harafi da babba ba ɗaya ba ne, kyamarori da yawa kuwa .JPG suke rubutawa da manya, sai *.jpg ya wuce su ko sallama babu. Fayil da sunansa ya fara da ɗigo, tauraro ba ya ganinsa sam.

Sai namu na gida, wanda ya fi ba ni dariya. Takardun gwamnati Illéla suke rubutawa, da ɗan karan Faransanci a kan e, mu kuma a Hausa Illela, kai babu hula. Ga kwamfuta waɗannan kalmomi biyu ne da ba su taɓa haɗuwa ko a hanya ba. Yaron Ill*la yake rubutawa ya kama su duka. Sunan garinmu kansa tarko ne. A takarda Birni N'Konni ne, da sarari a tsakiya da ɗan waƙafin sama bayan N. Sarari a wurin shel yana nufin kalma ta ƙare, wata ta fara, don haka fayil ɗaya yake tsinkewa biyu ko uku. Waƙafin saman kuwa shi ne dai alamar zancen nan tamu. Da shel ya gan shi sai ya ɗauka an buɗe ambulan, ya zauna yana jiran a rufe. Allon ya sauko layi na gaba, ya nuna ƴar kibiya, ya yi shiru. Wanda bai sani ba zai rantse kwamfutar ta daskare. Haka yake faruwa da fayilolin da ke zuwa daga tsallake, don a rubutun Hausar Najeriya 'yan ake rubutawa da waƙafin sama, mu kuwa ƙa'idar rubutu ta 1999 ta ba mu ƴ mai lanƙwasa. Hoton da wani a Sakkwato ya sa wa suna 'yan kasuwa zai tsayar da shel a Ƙonni cak. Maganin da ya nuna mini ƙanin tauraro ne, alamar tambaya, wadda ke tsayawa a madadin harafi ɗaya tak. Ya rubuta N?Konni, ya tsallake waƙafin ba tare da ya taɓa shi ba.

Su ma masu kula da scp sun sha fama da wannan gada. A farkon 2019 wani mai binciken tsaro ɗan Finlan, Harry Sintonen, ya nuna cewa tsohon scp ba ya duba abin da aka miƙo masa. Ka nemi abu kaza, kwamfutar can in ta faɗa hannun mugu ta turo wani fayil daban, shi kuma ya karɓa ya ajiye, har ya danne naka. Kamar ka aika a kawo maka albasa daga Galmi, a jibge buhuna a sito ba ka kwance bakin ko ɗaya ba. Shirinsu OpenSSH 8.0 da ya fito a Afrilun 2019 ya koya wa scp gwada sunayen da suka iso da abin da aka nema. A Afrilun 2022 kuma fitowa ta 9.0 ta sauya hanyar: scp ya koma bin SFTP, inda shi da kansa yake karɓo jerin sunayen can ya tace, ba ya ratsa shel na nesa. Wannan ya sauƙaƙa wa sunaye masu sarari, waɗanda a da sai an rufe su ninki biyu, ɗaya don mai gadin nan, ɗaya don na can. Wanda ya saba da ninki biyun ma yanzu shi ke iya jawo masa matsala, sai in ya ƙara -O ya koma tsohuwar hanya. Mai gadin gida dai yana nan daram, shi ke fara ganin tauraro.

A wurare masu intanet kamar ruwan famfo, koma mai faɗi ba ta wuce ɓata minti biyu. A nan kuɗi ne. Ka rubuta tauraro shi kaɗai bayan hotuna, hotunan shekara guda su kamo hanya, kafin ka juya shayi forfe ya ƙare. In kuma rezo ya yanke a tsakiya, scp ba ya tuna inda ya tsaya, daga farko zai sake. Shi ya sa in kayan suna da yawa yake komawa ga rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a Ostareliya a 1996. Shi yakan tsallake abin da ya riga ya iso, in kuma ka ba shi -nv sai ya nuna maka abin da zai ɗauko ba tare da ya ɗauko ba. Dokar tauraro a wurinsa ita ce dai.

Dabarar da ta fi burge ni ba ta cin ko dala. In yana shakkar layi, sai ya rubuta echo a gabansa. Shel ya yi fassararsa kamar kullum, amma maimakon a aikata, sai a nuna masa a allo abin da da za a aika. Da ya yi wa layin farko haka, da ya ga tsofaffin sunayen nan 14 a jere tun kafin su bar ɗakin. Ya ce in umarnin gogewa ne, wato rm, ba ya taɓa dannawa sai ya yi wannan, don a baƙin allo babu kwandon shara da za a koma a tsinto. In tauraron a buɗe yake, abin da ya yi suna ɗaya da na gida ne zai tafi a Yamai. In a rufe yake, duka ne.

Shayi na uku ya huce kafin ya ɗauki wayar. Na ji yana cewa, "Malam, don Allah ka yafe mini. Hotunanka sun iso tun Litinin, laifin daga wurina ne." Ban ji amsar dattijon ba, amma ta yi tsawo, yaron kuwa ba abin da yake cewa sai "Gaskiya ne, Malam." Da ya gama ya jawo kwamfutar ya canza wa foldarsa suna, ta koma hotuna-konni. Ta Yamai ya bar ta da sunanta.